Yadda Malama Naja'atu Ta Koyi Katse Farfesa

A wani gida mai shuɗiyar ƙofa a unguwar Hausawa ta New Bell akwai Malama Naja'atu, da mijinta Abdulganiyu mai aiki a wani ofis kusa da tashar jiragen ruwa, da 'yarsu Jannat 'yar firamare, sai Baffa Audu, ƙanen mahaifin Naja'atu, wanda ya bar sayar da atamfa a kasuwar Mboppi ya dawo yana zaune da su. Gidan bai rasa abinci ba, bai rasa dariya ba. Abin da aka rasa, kowa da nasa. Baffa Audu bai san inda labari yake ƙarewa ba. Jannat ba ta iya jiran mutum ya gama magana. Ita kuwa Naja'atu, duk da karatunta mai zurfi, tun da aka haife ta ba ta taɓa katse babba yana magana ba.

Tana koyarwa ne a wata babbar makaranta mai zaman kanta, kuma shugabar makarantar, Madam Ndoumbe, ta ɗora ta a kan kujerar shugabancin sashensu na riƙon ƙwarya. Jannat ta yi ta shelar labarin a lungu, har mai sayar da makala, wato fanke, ya ji. Saboda haka ta yi mamaki ranar da uwarta ta dawo daga aiki ta zauna a baranda, ko mayafi ba ta cire ba.

"Mama, sun ƙi jin maganarki ne?"

"Ai ban samu na yi maganar ba, bare a ƙi ji."

Sai ta yi wa Abdulganiyu bayani, Jannat na kasa kunne. Sashen yana so ya yanke shawara a kan buɗe ajin yamma domin matan da ke aiki da rana. Duk taron da aka kira, Farfesa Jibirin, dattijon da ya koyar da ita kuma aminin marigayi mahaifinta, shi yake karɓe magana har lokaci ya ƙare, a watse ba a yanke komai ba. Madam Ndoumbe, wadda take tara malamai mata duk wata tana koya musu riƙon shugabanci, ta faɗa mata gaskiya: in taron Laraba ya watse haka, za a ba wani kujerar.

"Ta ce in gwada a gida," in ji Naja'atu. "Wai in samu mai dogon zance in yi ta koyon tsayar da shi."

Su duka uku suka juya suka dubi Baffa Audu, wanda ke gefe yana ɓare goro.

"Me kuka gani a jikina?" in ji shi.

Ranar Asabar da hantsi aka jera kujeru a baranda. Abdulganiyu ya zama sauran malamai, Jannat ta zama sakatariya, Baffa ya sa babbar riga ya ce in dai Farfesa zai zama, to sai an ba shi tabarau. Aka ara masa na Abdulganiyu. Naja'atu ta buɗe taro, Baffa ya ɗaga hannu, ya fara da shekarar da aka yi ruwan da ya shiga shagonsa a Mboppi. Daga nan ya wuce kan wani ɗan dako mai suna Kabiru, daga Kabiru ya koma kan surukin Kabiru da ke unguwar Bépanda.

Jannat tana kallon uwarta. Ta ga ta buɗe baki ta rufe. Ta ga ta ɗaga yatsa, sai kuma ta gyara ɗankwali da shi.

"Tsoho, ka cika mu da surutu!" in ji Jannat.

"Ji mini amaryar nan tawa marar kunya," in ji Baffa yana dariya, domin tsakanin jika da kaka babu laifi. "Da sakatariyar gaske ce ke, da tuni an kore ki."

Naja'atu ta juyo. "Jannat, ke ta yaya kike samun wurin shiga?"

Ba a taɓa tambayar Jannat wannan ba, faɗa dai ake yi mata a kai. Ta gyara zama. "Mama, kowa sai ya ja numfashi. Ki riƙa kallon ƙirjinsa. Da ya ɗaga, sai ki faɗa."

Aka sake daga farko. Baffa ya koma Mboppi, ruwa ya sake shiga shago. Ƙirjinsa yana ɗagawa, Naja'atu ta rufe ido ta ce da ƙarfi, "Baffa, ya isa haka!"

Ita kanta ta tsorata da muryarta. Baffa ya cire tabarau a hankali ya ajiye, kuma Jannat ta ga wannan karon ba wasa yake ba.

"Baffa, ka yi haƙuri, wallahi ban yi nufin..."

"Ni dai abin da nake so in ce," ya faɗa yana duban ƙasa, "indararon bayan ɗakina ya toshe. In aka yi ruwa mai ƙarfi, abin da ya samu shagona zai samu gidan nan."

Abdulganiyu ya riƙe baki. "Baffa, duk wannan tafiyar har Bépanda, indararo za mu?"

Baffa ya so ya ci gaba da fushi, dariya ta ƙwace masa. Aka kira mai gyara tun kafin azahar. Naja'atu kaɗai ba ta yi dariya sosai ba, ta daɗe zaune tana duban kujerar da Baffa ya tashi.

Ranar Laraba ana tashin 'yan firamare da rana, kuma Baffa ya tafi jana'iza unguwar Sodiko, don haka Naja'atu ta ɗauko Jannat a kan bensikin, wato babur ɗin haya, ta tafi da ita wurin aiki. Ta zaunar da ita a benci a bakin ɗakin taro. Tagar a buɗe take saboda zafi, Jannat tana ganin rabin teburin.

Farfesa Jibirin dogo ne mai farin gemu da murya mai daɗi. Aka buɗe taro da Faransanci, ya nemi izini, ya fara da zamanin da makarantar take ɗakuna biyu, da irin wahalar da suka sha kafin a yarda da takardar shaidarsu. Wani malami ya fara latsa waya a ƙarƙashin tebur. Ƙirjin Farfesa ya ɗaga. Jannat ta matse hannu. Uwarta ta bar shi ya ci gaba. Ya sake ɗagawa, ya sake. Jannat ta ji kamar ta leƙa ta taga ta yi mata aikin. Amma Naja'atu ba ƙirjinsa take kallo ba, fuskarsa take kallo, tana gyaɗa kai.

Can da ya kai kan wata makaranta da ta buɗe ajin dare ta zubar da sunanta, ya tsaya jan numfashi, sai ta sa baki, murya a kwance.

"Farfesa, gafarta mini. In na fahimce ka, tsoronka shi ne kada a mayar da ajin yamma na jeka-na-yi-ka, a tura wa matan nan malaman da ba su ƙware ba, sunan da kuka sha wahala a kansa ya lalace."

Dattijon ya tsaya baki buɗe. Sannan ya bugi tebur. "Voilà! Abin da nake ta faɗa ke nan, ba mai ji!"

"Mun ji yanzu. To in kai ka riƙe musu darasi ɗaya, ka kuma duba mana waɗanda za su koyar, ka yarda a buɗe?"

Ya shafa gemu. Ya koma Hausa, yana murmushi: "'Yar nan, kin kama ni."

Aka ɗaga hannuwa, shawara ta wuce, har aka samu lokacin shan lemo. Da suka fito, Madam Ndoumbe tana tsaye a ƙofar ofishinta. Ta dafa kafaɗar Naja'atu ta ce daga yau a daina cewa riƙon ƙwarya. Farfesa kuwa ya tsaya gaban Jannat ya tambayi 'yar wace ce, da aka faɗa masa ya fara ba ta labarin kakanta, Naja'atu ta bar shi ya ba da shi har ƙarshe.

A hanyar gida Jannat ta riƙe uwarta a kan babur tana tunani. Ta gane cewa ita tana katse mutane ne don ta gaji da jin su, uwarta kuwa sai da ta saurari Farfesa har ta san abin da ke damunsa kafin ta tsayar da shi, shi ya sa bai ji haushi ba.