Takin Bitrus

Bayan an rufe masaƙar da yake aiki a Kakuri, Bitrus ya koma noman masara a ɗan filin bayan gidansu. Daga ƙauyensu na Filato ya kawo irin, farar masara mai zaƙi. Kowace shekara yakan rataye na shuka a saman murhu.

Bana ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi, bakinsa ya karkace. Ranar da ruwan farko ya sauka, ya kama hannun matarsa Celina, ya nuna filin ta taga.

"Taki," ya ce da ƙyar. "Taki."

"Na ji, Baban Patience. Zan sa mata taki, kwantar da hankalinka."

Ya girgiza kai. Ta ɗauka ciwon ne. Ba a jima ba aka binne shi.

Celina tela ce, ba ta taɓa shuka ba. Ta sauke irin gaba ɗaya, ta shuka shi rami kusa da rami, don kada ƙwaya ɗaya ta mijinta ta rasa wuri. Ta zuba takin zamani, ta ƙara da kashin kaji. Masara ta taso kore shar, a cunkushe.

Amma kararen suka yi tsawo sirara, kowanne na neman rana. Lokacin goyo ta riƙa ɓarewa tana tarar da totuwa kusan babu ƙwaya. Kuma babu sauran iri a saman murhu.

Nathan, abokin aikin Bitrus a masaƙa, ya zo duba ta, ya same ta a gonar.

"Maman Patience, gona ce wannan ko bas ɗin Sabon Tasha da yamma? Ta ina za su sha iska?"

"Taki ya ce, kuma na sa."

Dariyar Nathan ta ɗauke. Ya ɗaga ƙafa, ya yi taki ɗaya mai faɗi, ya tsaya.

"Wannan yake nufi. In zai yi shuka, ya taka, ya sara rami, ya sake takawa. Har Soja muke ce masa."

Celina ta zauna a kan kunyar gonar. Ta tuna yadda Bitrus ya girgiza kai, ta rufe fuska da zane.

A bakin katanga, inda kaji suka tone shukar da ke kewaye, kara ɗaya ya samu sarari, ya yi goyo cikakke. Shi kaɗai ta rataye a saman murhu. Sannan ta ɗauko takalman Bitrus na masaƙa, ta zura ƙafa, ta fita filin gwada takinsa. Sun yi mata yawa.