Babban Yatsan Malam Sirajo

"Sake ɗorawa, Baba," in ji ma'aikaciyar.

Maƙwabcina Malam Sirajo ya goge babban yatsansa a riga, ya sake ɗora shi a kan ɗan gilashin. Jar wuta ta kama. Zuwanmu na uku ke nan Birnin Kebbi daga Argungu, ni nake rako shi don tari ya ci ƙarfinsa. Wai za a gwada malaman makaranta a ga wa ya iya kwamfuta, wanda ya kasa a karɓe ajinsa. Amma ba ka zaman jarrabawar sai na'ura ta shaida yatsanka.

"Ɗiyata, ga katin aikina, ga fuskata," in ji Malam. "Shekara talatin da ɗaya ina koyarwa."

"Ba ni ba ce, Baba, na'ura ce."

Na ce, "To ta hito ta yi muna bayani! Mutum na tsaye gabanki, ki ce bai zo ba?"

"A yi haƙuri, akwai layi."

Aka gwada yatsu goma. Aka shafa ruwa, aka shafa mai. Daga ƙarshe aka rubuta bai halarta ba.

Ni ban yi boko ba, amma na san abin da ya cinye zanen yatsun nan: alli da safe, fartanya da lakar fadamar shinkafa da marece. Kuma wallahi ya iya abin. Wata biyu ina jin su ta katanga, ɗiyarsa Zuhura na koya masa da kwamfutar aro, tana dariya: "Baba, taɓawa ake yi, ba huɗa ba!" Har sunayen jikokina ya buga mini a takarda.

Ran Litinin hedimasta ya ba wani ajin Malam. Shi kuma aka ajiye masa benci a bakin ƙofa, ya riƙa tare masu latti. Mutumin da ya koya wa hedimastan nan kansa riƙon fensir! Kwana huɗu ya yi a bencin, sai ya kwanta.

Na shiga duba shi bayan la'asar. Zuhura na yi masa fifita, kofin kunu na gefe bai taɓa ba.

"Sunusi," ya ce da ni, "da sun bar ni na zamna. Ko faɗuwa ta, in faɗi da hannuna."

"Ka tashi mu koma, in sake yi musu tijara."

Ya yi murmushi. "Yaran ajin nan hwa ba mu gama lissafin raba lamba ba."

Washegari da hantsi ya cika. Ban ce na'ura ta kashe shi ba, kwana ne ya ƙare. Amma kada wanda ya zo zauren nan ta'aziyya ya ce mini wai tsarin aiki ne.

Ni na yi masa wanka. Da na zo hannun dama sai na tsaya, na juya babban yatsan. Sumul yake kamar dutsen gulbi, ga sauran farin alli a gefen farce. Na zuba ruwa a hankali.