Wutar Birki a Motar Halilu

Ƙas! Abin ya karye a hannun Rufa'i. Ya zauna daɓas a ƙasa gefen tayar da suka cire, rabin baƙar roba a bakin awartaki, sauran rabin kuwa ya maƙale a cikin ƙarfe kamar tare aka haife su.

"Ya karye, Baffa."

"Na jiya, kunnena bai mutu ba tukuna," in ji Halilu daga kan tabarmarsa a inuwar itacen bedi. "Na ce ma ka lallaɓe shi, kai ko ka kama shi kamar mai tuge rogo. Ba'are dai Ba'are na, ko an ba shi allura."

"Bahillace dai Bahillace na, ko an ba shi sitiyari. Mota ce wagga, ba saniya ba da za a yi ta shahwa ta."

Halilu ya fara dariya, tari ya ƙwace ta. Rufa'i ya kau da kai har tarin ya lafa, don tsohon ba ya son a yi masa sannu.

Rufa'i tela ne, shagonsa na bakin kasuwar Dogon Dutsi. Ya iya tuƙi tun zamanin da ya yi ci-rani a Kwatano, amma cikin mota bai san komai ba. Katanga ɗaya ce tsakanin gidansa da na Halilu, tsohon direban ma'aikatan allurar shanu, wanda ya sayi katkat ɗin, motar shiga daji, da ya ƙare ƙuruciyarsa a cikinta ranar da aka sa ta gwanjo. Da can babu hannun da ke taɓa motar nan sai nasa. Yanzu ciwon zuciya ya kumbura masa ƙafafu, ko sunkuyawa ya yi sai numfashi ya gagare shi. Shi ya sa ya ari hannun maƙwabci, ya riƙe bakin nasa.

Abin da ya jawo wannan wahala duka wata 'yar wuta ce ruwan ɗorawa da ta kama a gaban sitiyari ta ƙi mutuwa. Halilu ya ce kaptar ce ta lalace, wato ɗan abin da ke bayan taya yana gaya wa mota saurin juyawarta, don in an taka birki da ƙarfi kada tayar ta cije ta ja ƙasa. An aika Yamai a sayo sabuwa. Wadda ta fara zuwa ta ɓangaren hagu ce, wayarta ba ta kai ba, aka mayar. Kafin ta dama ta iso, zafin bazara ya kai maƙura, gajimare ya fara haɗuwa ta gabas.

Tafiyar kuwa guda ɗaya ce. Halilu yana da yaya, Kaltume, a wata ruga gaba da Dogon Kiriya. Su biyu suka rage a ɗakinsu, kuma ita ta goya shi. Idonta ya rufe. Kowace kaka yakan je mata, sai ciwo ya tsare shi kaka biyu a jere. Bana ya rantse zai ɗauko ta da kansa ta zauna wurinsa, kafin ruwan farko ya yanke hanya.

Rufa'i ya goge zufa da gefen riga. Abin ya daɗe yana cin sa, yau dai ya faɗa.

"Baffa, don Allah mu tahi hakanan. Birki na kamawa, kai da bakinka ka ce. Direbobin tasha duk baƙar leda suka liƙa ma wutar nan, suna kai mutane har Konni lahiya lau. In tuƙa ka gobe da sahe, ka ga Inna Kaltume kahin azahar."

"Direbobin tasha buhun hatsi sunka ɗauki mutane."

"Baffa…"

"Hanyar can akwai gangare mai tsakuwa. Matar da ba ta gani, in mota ta ja ƙasa, mi za ta riƙa? Ban ɗaukar Kaltume cikin motar da ka koke. Zuba gazuwal, ka bari shi jiƙa."

Haushi ya kama Rufa'i, da tausayi a ƙarƙashinsa. Yana ganin yadda wuyan tsohon ya zama kamar na zakaran da ya sha jinya, kuma ya san ba ruwan sama kaɗai ke tsere da su ba. Amma wa ya isa ya faɗa wa Halilu haka? Ya zuba gazuwal ɗin, wato man dizal, a kan ragowar robar.

Maimunatu, matar Halilu, ta kawo musu fura a kwanon sha. Ta dubi motar a tsaye kan ƙafa uku da kututturen itace, ta dubi mijinta, ta koma ciki. Halilu ya kurɓa sau ɗaya ya ture. Idonsa na can arewa, bayan dutsen da ke kallon gari.

"Warhaka su Kaltume sun matso bakin rijiya," ya ce, kamar da kansa yake. "In ka isa, warin garke ka fara tarbonka kahin mutane. Kaltume na dama hura da nonon da ba a tsarma ma ruwa ba, ba irin wagga ta birni ba. Ina son in sha ta, Rufa'i. Wallahi ina so."

"Kai da ka gudu ka bar shanu ka bi hayaƙi?"

"Na gudu. Ga shi hayaƙin bai riƙe ni ba."

Aka koma aiki. Rufa'i ya dinga ƙwaƙular ragowar robar da bakin sukudireba, gutsure-gutsure, kamar yana warware ɗinkin da wani ya ɓata. Da ramin ya buɗe, Halilu ya sa shi ya leƙa ciki ya juya ƙarfen a hankali. Akwai wani zobe mai haƙora, duk yashi da tsatsa sun cike tsakaninsu. Ya share su ɗaya bayan ɗaya da tsinke da tsumma. Sannan ya shafa wa sabuwar kaptar maiko, ta shige sumul, ya ɗaure ɗan kusarta, ya bi da wayar ta inda tsohuwar ta bi har ya ji ta ce ƙyat a mahaɗinta. Suka mayar da taya. La'asar ta yi sanyi lokacin da Rufa'i ya murza makulli.

Injin ya tashi. Wutar na nan daram.

"To ga ta nan, ko gezau!"

"Sai ta yi tahiya ta ka gane an yi mata magani. Zagaye guda ya isa." Halilu ya dafa ƙasa zai miƙe, hannun ya ƙi ɗaukarsa. Ya koma ya jingina da bedi. Rufa'i ya ce bari shi ya zagaya da ita ya dawo, tsohon ya girgiza kai. "Ni ka gwada motata. Bari sai gobe, in na yi kwana."

Washegari da hantsi Rufa'i yana shago yana yanka yadi, aka zo aka ce masa ya je gida. Bai tambayi dalili ba. Ya tarar da Halilu a kan tabarmar nan, an rufe shi da zane. Maimunatu ta ce ya yi wanka, ya sa farar rigarsa ta tafiya, ya ce a ba shi hularsa. Ta shiga ɗauko hular ke nan, ta fito ta same shi ya jingina kamar mai gyangyaɗi. Bayan azahar aka kai shi makwancinsa, a nan Dogon Dutsi.

Rugar su Kaltume ba ta da rezo, kiran waya ba ya shiga can, kuma Maimunatu ta ce ko da akwai, ba za a jefa wa tsohuwa irin wannan magana ta bakin waya ba. Da safe ta miƙo wa Rufa'i makullin motar ta bayan labule.

"Tahi da ita, Malam Rufa'i. Don tahiyar ga anka gyara ta."

Shi ma ya ga hakan ya dace. Babu wanda ya yi wani tunani bayan wannan a cikinsu.

Ya fito daga lungu a hankali, ya wuce masu sayar da itace, ya hau kwalta. Kafin ya kai kwanar tasha wutar ta mutu. Ya dubi wurin da take, baƙi wuluk kamar ba a taɓa yin ta ba, sai kuka ya zo masa ba shiri. Ya ji haushin Halilu, ya ji kewarsa, ya rasa wanda ya fi yawa. Daga nan sai jar hanya, sai gonakin da aka share ana jiran ruwa. A gangaren tsakuwa wata akuya ta faɗo masa, ya danne birki, motar ta tsaya cak ba ta karkace ba.

Ya yi tambaya a Dogon Kiriya aka nuna masa. Rana ta take tsaka ya hango bukkoki da 'yan maruƙa a ɗaure. Tun bai tsaya ba ya ga wata doguwar tsohuwa ta fito daga bukka da sanda, fuskarta a sama, tana murmushi. A nan ne ya gane kuskurensu. Kaltume ba ta gani, amma ta san kukan injin nan tun daga nesa.

"Auta!" ta kira. "Sai yau? Na ce da su hwa kana tahe kahin ruwa, sunka ce na ruɗe!"

Rufa'i ya kasa fita. Sandarta ta bugi taya, hannunta ya sami ƙarfen gaba, ta biyo shi da lalube har tagar direba. Ta kama hannun da ke kan taga, ta shafa yatsun, ta hau har gwiwar hannu. Murmushin ya tsaya. Ta saki a hankali.

"Wa na?"

"Rufa'i na, Inna. Maƙwabcin Baffa Halilu."

Ta dafa ƙofar motar. Wata saniya ta yi kuka can bayan bukkoki.

"Yaushe?"

"Jiya da hantsi. Da rigar tahiya a jikinai, Inna. Nan za shi."

Ta yi salati ƙasa-ƙasa, ta yi masa addu'a, ko hawaye ba ta bari ya gani ba. Rufa'i ya kai hannu zai murza makulli don ya fito ya durƙusa mata yadda ya kamata.

"Kak ka kashe ta tukuna, ɗana," ta ce.

Ta koma da lalube zuwa gaban motar, ta jingine sandarta, ta shimfiɗa tafukanta biyu a kan ƙarfen mai ɗumi. Ta tsaya nan cikin rana, kanta a sunkuye, injin yana ta kaɗawa a ƙarƙashin hannunta.