Minti Biyu a Rumbun Maidawa

Idan mutum ya ɗauki hoton abin da mai shi ya ɓoye, kuma ko ƙwaya ɗaya ba ta ragu ba, to me ya ɗauka? Sata ce, ko kallo ne kawai? Salima ta kwana biyu tana juya wannan tambaya a ranta, kuma har yau ba a samu wanda ya ba ta amsar da ta zauna daram ba.

Aikin dai ba wani babba ba ne. Mushe Idirisa, malamin da ke koya musu ɗaukar fim a wata makarantar aikin jarida a Maraɗi, ya raba su uku-uku, ya ce kowane rukuni ya kawo mabuɗin fim: minti biyu, ba magana, ba kiɗa. Salima ta faɗa tare da Bilal mai ɗaukar hoto da Nabil mai ɗaukar sauti. Kamerar makaranta ɗaya ce, layinta kuma dogo, sai suka koma ga salular Bilal. Gwajinsu na farko fitowar rana ce a Sabon Gari, 'yan kabu-kabu na giftawa. Mushe ya kalla, ya cire tabarau.

"Rukuni bakwai, rana bakwai," ya ce. "Ashe dukanku kun gano rana na fitowa a Maraɗi. Ku koma. Ku kawo mini inda idona bai taɓa shiga ba."

A ƙarƙashin bishiyar bedin makaranta Salima ta tuna rumbun kakanta a Tsibiri. Ta zana musu a bayan littafi: duhu ɗif, sai ƙarar ciyawa ana ɗage murfi, sai haske ya faɗo ciki. Bilal ya buga cinya. Nabil ya ce ko ƙarar kaɗai ta ishe shi.

Ranar Asabar suka hau kabu-kabu biyu. Damina ta kankama, hatsi ya kai gwiwa dama da hagun titin gudron. Suka tarar da Kaka Maidawa zaune a inuwar katanga yana tufkar igiya.

"Yau na shiga uku," ya ce da ya hango su. "Matata ta tafi birni ta dawo mini da kishiyoyi maza har biyu."

"Kai ka tsufa, Kaka. Dole in nemi masu haƙora."

"Ina da uku, kuma duk suna aiki."

Aka kawo musu fura, suka sha, sannan Salima ta faɗi abin da ya kawo su. Tsohon bai daina tufka ba.

"Ku ɗauki jakina," ya ce. "Ku ɗauke ni, in kuna son masu kallo su gudu. Rumbu dai a'a. Kakarki ta shekara arba'in cikin gidan nan, ba ta taɓa leƙa shi ba."

"Minti biyu ne fa kawai, Kaka."

"Ko ƙiftawar ido ce."

Ba da faɗa ya faɗa ba. Ya naɗe igiyarsa, ya ce zai je barkar haihuwa a maƙwabta, su huta kafin rana ta yi sanyi.

Fitarsa ke da wuya Bilal ya jingina tsani a jikin rumbun. Salima ta ce, "Bilal, sauko," amma a hankali ta faɗa, kuma hannayenta biyu na riƙe da tsanin don kada ya goce. Wannan riƙon ne ya fi damunta daga baya. Bilal ya ɗage murfin, ya zura hannu da salula, ya ƙirga ashirin, ya mayar da komai yadda yake.

Washegari da hantsi suka zauna haɗa fim a shagon yayan Bilal da ke Sabon Gari. Hoton ya yi kyau fiye da yadda ta zana. Haske ya sauko a karkace, ƙura na yawo a cikinsa, ya bi bangon laka ƙasa, ƙasa, kafin ya tarar da damman hatsi kwance can a gindi. Bilal ya ce Mushe zai sake cire tabarau, amma wannan karon don share hawaye.

Nabil ne bai yi dariya ba. Shi ɗan Jiratawa ne, a gona ya tashi.

"Mayar baya," ya ce. Ya sa yatsa a fuskar na'urar. "Kun ga inda hasken ya daɗe yana sauka? Wannan hatsin da ƙyar zai kai girbi. A cire shi."

"Ba za a cire ba," Salima ta ce. "Wa ya san rumbun wa ne?"

"A Tsibiri? Sun san rumbunan juna kamar fuskoki. Ga tsagar bakin nan ma ta fito. Kuma kin san Mushe na tura fim ɗin da ya fi kyau a salula, daga nan sai inda ya tsaya."

"To mun ɗebi hatsinsa ne?" Bilal ya tambaya. "Me ya ragu?"

Salima dai ta san abu ɗaya: in fim ɗin ya fita ba za ta iya zama gaban tsohon ta sha furarsa ba, in kuma ta goge shi a ɓoye, riƙon tsanin na nan bai gogu ba. Ranar Talata bayan darasi ta karɓi salular Bilal, ta hau kabu-kabu ita kaɗai zuwa Tsibiri.

Ta sami Kaka yana ba jaki ruwa. Ba ta yi wasan da suka saba ba. Ta durƙusa, ta miƙa masa salular, ta danna.

Ya kalla har ƙarshe, ya ce ta sake. Ya kalla kuma.

"Wa ya hau?"

"Bilal. Ni na riƙe tsani."

"Hmm." Ya matso da salular kusa da ido. "Shekara sittin ina buɗe shi, ban taɓa sanin haka yake da kyau ba."

"Kaka, kunyar a ga hatsin ya yi ƙasa kake ji?"

Ya yi 'yar dariya. "Kunyar mi? Damina ce, rumbun kowa ya yi ƙasa. Zo ki ji. Akwai gidaje huɗu a layin nan da ke aiko mini ƙwarya in tukunya ta ƙi hawa wuta. Suna aikowa ne don sun ɗauka rumbun Maidawa ba ya ƙarewa. Ranar da suka ga gindinsa, ba wanda zai sake aikowa. Za su ji nauyina, su kwana da yunwa. Ni kuwa na auna, in an lallaɓa zai kai mu duka."

Salima ta juya salular yadda zai gani, ta goge hoton, ta shiga inda gogaggu ke taruwa ta sake goge shi. Ta kira Bilal a lambar yayansa, ta ce ya goge na shago. Ya yi ta ƙorafi, Nabil na bayansa yana cewa ai an riga an gama.

"Yanzu me za ki kai wa mushen naku?" Kaka ya tambaya.

"Rana ta takwas, ina ji." Ta yi murmushi. "Ni dama ba hatsin nake so ba, Kaka. Hasken nake so, lokacin da murfi ke ɗagawa."

Tsohon ya juya salular a hannunsa, ya duba gaba, ya duba baya.

"Abin nan, in an kwantar da shi rigingine, me yake gani?"

"Sama kawai."

"Ba ya ganin abin da ke ƙarƙashinsa?"

"Ko kaɗan."

Ya shiga ɗaki, ya fito da ƙaramar ƙwarya da igiyar da ya tufka ranar Asabar. Ya ɗaure ƙwaryar ta kusurwa uku, ya gwada ta ga ba ta karkata ba, ya ce ta kunna abin ta kwantar a ciki.

"Zan zura shi, in rufe, in ƙirga nawa?"

"Goma. Sannan ka ɗage murfin a hankali. Fuskarka za ta fito, Kaka, da sama a bayanka."

"To masu kallo sun shiga uku." Ya gyara hula, ya rataya igiyar a kafaɗa, ya sa ƙafa a matakin farko. "Riƙe tsanin, amarya. Na ji an ce kin iya."