Farin Wuri a Ɗakin Musaddiq

Tun ranar da Asibi ta shiga share ɗakin ɗanta Musaddiq ta tarar da ƙwarya cike da farin wuri, hankalinta bai sake kwanciya ba. Ga gutsuren gishirin kantu, ga ƙyallayen saƙi, ga wani kwali da aka zana wa gida-gida. Innalillahi! Ita dai a Kiru mutum biyu ta sani da wuri, boka da ɗan caca. Kuma wai yaron da ake shirin ɗaura wa aure da Rufaida, 'yar Alhaji Hamidu, mutumin da ko karta aka ambata sai ya tofar da yawu.

Ta ƙi tambayarsa, don ɗan yau baki gare shi. Sai ta koma laɓe. Bayan la'asar abokansa su shige, ta ji ana watsa wuri, wani ya ce, "Jakina ya mutu!" sauran su kwashe da dariya. Wane jaki? Gidan nan ko akuya babu.

Da tsoro ya ishe ta, ta kai wa maƙwabciyarta Zuwaira maganar, ta ce don Allah zancen ya tsaya tsakaninsu su biyu. Zuwaira ta rantse. Zuwaira fa, da bakinta ba ya riƙe magana!

Ran Juma'a Musaddiq da kansa ya fito da kayan tsakar gida.

"Inna, zo ki gwada min. Wasa ne na haɗa wa ɗalibaina na tarihi. Fatauci za ki yi irin na zamanin da, tun ba a san kwabo ba. Wuri na sayen komai, amma nauyi gare shi, sai da jaki. Gishiri ya fi daraja, amma ruwa na dukansa ya narke. Saƙi kuwa ba kowace kasuwa ke karɓa ba."

"Ba a zuba kuɗi?"

"Haba Inna!"

Ta zauna a ɗarare. Can ta lura in wuri ya cika kasuwa arha yake yi, ta yi maza ta musanya nata da gishiri, ta cinye Musaddiq tas. Daɗi da kunya suka haɗu mata, har da tafi.

Ana cikin haka aka yi sallama. Gwaggon Rufaida ce, bayanta mata ɗauke da akwatunan lefen da aka kai wa Rufaida. Ta dubi tabarmar, ta dubi wurin da ke damƙe a hannun Asibi.

"Ashe har da ke ake yi," in ji ta. Ta juya ga matan. "Ku sauke musu kayansu."