Lasifikar Mutum Ɗaya

Mai shagon kayan sauti ya ba maigidana aron lasifiku kala biyu, gajeru da dogaye, ya gwada zuwa Asabar, ya riƙe ɗaya ya mayar da ɗaya. Gajerun ba ruwansu, ko kan kabad ka ɗora su za su cika gida da kiɗa, har kicin ina ji ina kaɗa kai. Dogayen kuwa 'yan tsirfa ne. Ba sa son bango kusa, ba sa son ƙarar fanka, kuma idan amfilifaya, na'urar da ke ƙara sauti, ba ta da ƙarfi sai su shaƙe. Su ne suka sace zuciyar Baban yara.

Ya janye teburin cin abinci, ya kai keken ɗinkina baranda. Ya dasa kujera ɗaya tal a tsakiyar falo, ya zagaye ƙafafunta da salatif don kar a gusa ta. Raina ya ɓaci sosai. A falon nan muke hira kullum bayan cin abinci, yanzu ga shi in na buɗe baki sai ya ɗaga min yatsa, ido a rufe.

Ranar Asabar da hantsi ya riƙo hannuna.

"Maman yara, zauna nan, don Allah. Kar ki karkata kai."

Na zauna ina hararar sa. Ya sa faifai. Wallahi sai ga mawaƙiyar kamar a gabana take tsaye, har jan numfashinta ina ji, mai ganga na can hagu, bayanta kaɗan. Tsigar jikina ta tashi. Daɗi ya kama ni, na manta ina fushi.

Waƙa ta ƙare, ya ce, "To, tashi."

"Ina? Sa ta gaba."

Ya tsaya bayana, bai ji komai ba sai rugugi. Ya tsuguna a gefe, lasifika ɗaya kawai ke isa kunnensa. Daga ƙarshe ya matsa ni muka cusa kanmu a kujerar, kowa rabin jiki a waje, kowa na jin rabin waƙa. Muka yi ta dariya har na ji cikina na ciwo.

Ya share hawaye, ya ɗauki waya ya kira mai shago.

"Zo ka kwashi dogayen."

Ina jin mutumin yana cewa, "Haba yallaɓai, me suka yi?"

"Ba su yi komai ba. Wanda ya ƙera su ne bai san ina da mata ba."