Baba Mai Kayan Ƙafa

"Danna da ƙarfi, Tela. Ba wuyan riga kake ɗinkawa ba."

Na sake kafa shokabzobar, ƙarfen da ke rage wa mota jijjiga, a kan siminti, na ɗora mata nauyina gaba ɗaya. Ta nutse, sannan ta taso a hankali. Baba yana kwance a kan katifa, an tallafe masa baya da matasai, ya karkato kunne wajena.

"Tana da rai," in ji shi. "Ajiye ta gefe. Inna, kawo 'yar'uwarta."

Inna, matarsa, ta fita ta ƙofar da ta haɗa ɗakin da shago, muna jin tana ture ƙarafa tana mita.

Bango ɗaya ne ya raba shagona na ɗinki da nasa. Kayan ƙafar mota yake sayarwa, na hannu: sifirin, shokabzoba, robobi, da ƙarafan da ke riƙe taya. Kuma na mota iri ɗaya tak, wata 'yar ƙarama da aka daina ƙerawa tun ina yaro. In aka ce masa ya haɗa da na sababbin motoci, sai ya ce, "Sababbin suna da masu kula da su. Wannan wa take da shi?"

Ciwon ya fara masa da kumburin ƙafa, sai numfashi ya biyo baya. Likita ya ce zuciya ce. Ranar da ya kasa taka bakin shago, dariya ya yi mini.

"Ka ga ikon Allah. Ni mai sayar da kayan ƙafa, tawa ce ta zauna. Ita kuma ba a samun ta hannu."

Daga nan Inna ta karɓi shagon, ita da ba ta taɓa sanin sunan ƙarfe ko ɗaya ba. Mai saye ya zo, sai ta ce ya jira, ta kwaso abin da ya yi kama da wanda ya nuna mata, ta kai wa Baba har katifa. Ya shafa, ya juya, ya ce wannan na hagu ne, koma ki duba ƙarƙashin taga. In abin na dannawa ne, sai ta buga mini bango.

Ina cikin gwada ta biyun babban ɗansu ya yi sallama. Ma'aikaci ne a wani gari, mutum mai hankali, amma ranar ransa a ɓace yake. Ya durƙusa ya gaida mahaifinsa, ya dubi baƙin man da ya ɓata hannun tsohon.

"Baba, na yi magana da asibitin da ke kusa da gidana. Akwai gado. Ku shirya mu tafi yanzu."

"Gobe."

"Haka kuka ce wancan zuwan."

"Wannan goben ta gaske ce. Direban 'yan makaranta zai kawo motarsa da safe. Ƙafar gaban motar ta karye masa, yara suna ta tafiya a ƙasa cikin rana. Na ce masa ya zo."

"Inna ta ba shi mana. Ko Tela."

"Su ba shi me? Uwarka har yau ba ta bambance hagu da dama."

"Ina jin ka, Malam," Inna ta ce daga shago.

Ɗan bai yi dariya ba. Ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Baba, ƙarafan nan ba za su ba ku numfashi ba. Akwai mai sayen tsohon ƙarfe, zai kwashe su duka a rana ɗaya, ku huta."

Ƙirjin Baba yana hawa yana sauka.

"Shi narkar da su zai yi," ya ce. "Kowanne a cikinsu akwai motar da ke jiran sa. Ka bar ni in sallami mutum ɗaya, sai ka kai ni inda kake so."

Ɗan ya fito waje, ya jingina da ƙofar shagona. Ya tambaye ni ko in ni ne zan ɗauki tsohon da ƙarfi. Na ce ban sani ba. Gaskiyar ke nan, har yau ban sani ba.

Da safe aka jawo 'yar motar da igiya. Fentinta ya koɗe, gabanta ya durƙusa gefe guda. Direban ya zo da bakanike, suka ɗaga ta a gaban shago. Baba ya ce a fitar da shi. Ni da ɗansa muka ɗauko shi a kan kujerar roba, bai fi nauyin buhun yadi ba. Muka ajiye shi a inuwa, Inna ta rufa masa zane a gwiwa.

Bai yi magana sosai ba. Sau ɗaya ya ɗaga yatsa ya ce wa bakaniken kada ya ƙarasa ɗaure noti sai motar ta sauka ƙasa. Sauran lokacin kallo kawai yake yi, idonsa yana bin sifana.

Da aka gama, direban ya tayar da ita, ya zaga layin, ya bi ta kan ramukan bakin kwata da gangan, ya dawo ya tsaya.

"Akwai ƙara?" Baba ya tambaya.

"Ko kaɗan, Baba. Kamar a kan katifa nake."

"To, kada ka riƙa cika ta. Tsohuwa ce."

Direban ya durƙusa, ya riƙe hannun Baba da hannu biyu. Baba ya zare hannun a hankali, ya dubi ɗansa.

"Kawo taka motar, mu tafi."

Na rufe shagona na bi su. Ina gaba, ɗan yana tuƙi, Inna tana baya, kan Baba a cinyarta. Da muka hau babban titi na ji ya ce, "Motar nan taka tana da laushi." Ɗan ya ce, "Na gode, Baba." Ya ƙara wuta.

Mun yi nisa, gidaje sun ƙare, sai gonaki. Ina jin numfashin tsohon a bayana, mai nauyi, yana tsayawa yana dawowa. Can sai na lura ƙarar iska kawai nake ji ta gilashi. Ban iya waiwayawa ba.

Inna ce ta yi magana.

"Rage gudu, ɗana. Babu sauran sauri."

Ya gangara gefen titi ya kashe mota. Ya kifa goshinsa a kan sitiyari. Inna tana salati a hankali, tana gyara wa Baba hularsa da ta zame.

Bayan an yi jana'iza, masu gaisuwa sun ɗauke ƙafa, ɗan ya roƙi Inna ta bi shi. Ta ce za ta zo, amma ba yanzu ba. Bai matsa mata ba, bai kuma sake ambaton mai sayen ƙarfe ba. Ya ba ni lambarsa, ya ce in riƙa leƙa ta.

Shagon ya daɗe a rufe. Wata safiya ina kan keken ɗinki na ji ƙarar ƙofar ƙarfe ana ɗaga ta. Ba a jima ba wani mutum ya tsaya da babur, riƙe da karyayyen ƙarfe a leda. Inna ta karɓa, ta shiga ciki, ta fito da guda biyu masu kama da juna.

"Wanne ne na dama, Inna?" mutumin ya tambaya.

"Jira in tambaya," ta ce.

Ta juya, ta nufi ƙofar ɗakin. Ta kai hannu ga labule, sai ta tsaya. Na kashe kekena. Mutumin ya dube ni, na girgiza masa kai, ya sunkuyar da nasa.

Ta dawo a hankali.

"Ka je ka kawo motar," ta ce. "A gwada duka biyun."

Ya tafi. Ta jawo benci bakin ƙofa ta zauna, ƙarafan biyu a kan cinyarta, tana kallon hanya.